Yamaha RX-V385: Amfilifayar Haɗa Kwamfuta da Lasifika Biyar

Duk wanda ya mallaki lasifika biyar da wufa ɗaya, wato lasifikar da ke fitar da sauti mai kauri, yana kuma son sauti ya kewaye shi daga kowane ɓangare yayin kallon fim ko wasan kwamfuta, zai tarar cewa kwamfutar ba ta da ƙarfin tayar da su ita kaɗai. Ramukan nan uku da ke bayan kwamfutar tebur, kore da baƙi da ruwan lemo, sauti mai rauni suke fitarwa, wanda sai an bi da shi ta cikin amfilifaya kafin ya iya motsa lasifikar da ba ta da wutar kanta. A ganina, Yamaha RX-V385, wadda ta fito a shekarar 2018, tana cikin na'urorin da suka fi dacewa da wannan aiki ga mai matsakaicin ƙarfi, muddin ya san ta inda zai haɗa ta.

Tana ɗaukar lasifika biyar, biyu a gaba, ɗaya a tsakiya, biyu a gefe ko baya, sannan tana da mafita guda ta wufa, amma wufar dole ta kasance mai amfilifayar kanta. Kamfanin ya rubuta cewa tana ba kowace lasifika wat 70, sai dai an auna wannan adadi ne lokacin da biyu kawai ke aiki, don haka kada mai saye ya ɗauka duka biyar ɗin za su samu hakan a lokaci guda. Duk da haka, ƙarfin ya ishi ɗaki ko matsakaicin falo har da rara.

Inda ya kamata a nutsu sosai shi ne zaɓen waya. Mutane da dama suna ganin ramin wayar haske, wato Toslink, a bayan kwamfuta sai su ɗauka magana ta ƙare, alhali wannan waya layi biyu kacal, wato na lasifika biyu, take iya ɗauka na sauti tsantsa, ko kuma sautin da aka riga aka matse a tsarin Dolby Digital ko DTS. Fim zai iya fitowa daidai ta wannan hanya, amma wasan kwamfuta, wanda yake ƙirƙirar sautinsa nan take, zai koma lasifika biyu sai fa idan katin sautin yana da Dolby Digital Live ko DTS Connect, masu matse sautin nan take. Wayar HDMI ba ta da wannan matsala, domin tana ɗaukar layi har takwas ba tare da matsewa ba. Wannan amfilifaya tana da mashigar HDMI huɗu da mafita ɗaya, kuma tana karanta Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio. Abin da ya rage wa mai ita shi ne ya jawo waya daga katin hoton kwamfuta, ya shiga saitin sauti na Windows, ya zaɓi tsarin 5.1, wato lasifika biyar da wufa ɗaya, domin in bai yi haka ba lasifikun baya za su yi shiru.

Abin da ya fi burge ni a jikinta shi ne tsarin YPAO. Ana ajiye ɗan ƙaramin makirufon da ya zo cikin kwalin a daidai inda kan mai sauraro zai kasance, sai na'urar ta riƙa aika ƙara cikin lasifikun ɗaya bayan ɗaya, tana auna nisan kowace da ƙarfinta, sannan ta daidaita su. Wannan yana da amfani ƙwarai ga mai tebur a lungun ɗaki, wanda wata lasifikar ke dab da kunnensa wata kuma can jikin bango.

Tana da nata naƙasu. Sautin HDMI ba ya tafiya sai tare da hoto, saboda haka kwamfuta tana ɗaukar amfilifayar a matsayin allo na biyu, har kibiyar linzami takan sulale cikin wannan allon da ido ba ya gani. Hoton 4K da take wucewa da shi ya tsaya a hoto sittin cikin daƙiƙa, don haka mai allon wasa mai sauri gara ya haɗa allonsa kai tsaye da kwamfutar ta wayar hoto ta DisplayPort, ya bar wa HDMI aikin sauti. Ba ta da Dolby Atmos ko Wi-Fi, sai Bluetooth, ba ta kuma karɓar sautin layi shida daga ramukan nan uku. Wanda bai riga ya sayi lasifika ba, kuma yake son amfani da waɗannan ramuka, saitin lasifika na Logitech Z906 zai fi yi masa sauƙi, tun da ya zo da amfilifayarsa a cikin wufa.

Mai sayen ta hannu a Najeriya ko Nijar kuwa, ya duba rubutun da ke bayanta kafin ya biya kuɗi. Wadda aka ƙera domin kasuwar Amurka wutar bolt 120 take sha, tamu kuma ta haura 200, saboda haka jona ta kai tsaye zai iya ƙona ta nan take idan ba a sa taransifoma mai rage wuta ba.