Na gama zangon farko na Demon Slayer, ga yadda na gan shi

Kwana huɗu na yi ina kallon shi a waya, katun ne mai dogon zango, kashi 26 cif, wanda kamfanin ufotable na Japan ya fitar a 2019 daga littafin zanen Koyoharu Gotouge. Ƙanina ne ya matsa min lamba, wai zanen faɗan kaɗai ya isa, kuma gaskiya bai yi ƙarya ba.

Labarin ba shi da wani kwana-kwana. Tanjiro yaro ne mai sayar da gawayi, ya sauka gari ya kwana, da ya dawo ya tarar an kashe mahaifiyarsa da ƙannensa, Nezuko ce kawai ta rage ita ma ta koma dodo. Sai ya goya ta a akwati don kar rana ta ƙone ta, ya shiga farautar dodanni da takobi yana nema mata magani.

Zanen kam sai wanda ya gani. In Tanjiro ya kai sara sai ka ga ruwa na bin takobin yana murɗewa kamar tsohon zanen igiyar teku na Japanawa. A kashi na 19, wajen faɗansa da Rui, wani dodo mai zaren gizo-gizo, a dutsen Natagumo, takobinsa ya karye, numfashi ya ƙare, sai ya tuno rawar wutar da babansa ke yi cikin ƙanƙara, nan take shuɗin ruwan ya rikiɗe ya koma ja, hoton yana ta juyawa da su cikin daji ga waƙa tana tashi a hankali, wallahi sau uku na mayar da wajen baya.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai zumuncin ne. Rui ya tara dodanni ya raba musu matsayi, ke uwa, kai uba, amma da tsoro da duka yake riƙe su, shi ya sa da ya ga Nezuko ta tare wa yayanta sara sai ya ce lallai a ba shi ita. Bayan Giyu, wani babban maharbin dodanni, ya sare kan Rui, Tanjiro bai yi murna ba, hannu ya ɗora masa a baya yana narkewa, har ya ce wa Giyu ya ɗauke ƙafarsa daga kan rigar Rui. Nan hawaye ya zo min.

Inda ya gajiyar da ni: ihun Zenitsu, abokin tafiyar Tanjiro, ya yi yawa, sai na rage murya. Sannan kusan kowane dodo sai yana bakin mutuwa za a kawo tarihinsa, tun yana taɓa zuciya har ka fara sanin abin da zai biyo baya.

Akwai jini da sare kai sosai, ba na yara ba ne. Kuma a nemi mai hoto tangaran ko da zai ci data, don yawancin faɗan da dare ake yi, ƙaramin kwafi duhu kawai za ka gani. Fim ɗin Mugen Train na 2020, ci gaban labarin, shi ne a gabana yanzu.