Hattara da mai filas ɗin "buɗe kowace kwamfuta"

Naira 18,000, jama'a. Kuɗin riɗin da na kai kasuwar Gujungu na sayar da hannuna. Wallahi har yanzu in na tuna sai barci ya gagare ni.

Kada wani ya ce min wawa. Shekara shida ina yi wa mutanen ƙauyenmu taifin da cike fom, na san kan kwamfuta daidai gwargwado. Muryar mutumin ce ta ci ni. "Malam, ka kwantar da hankalinka, ko minti biyar ba za a yi ba." Haka ya ce. Minti biyar. Har da "Allah ya bar zumunci" da tambayar lafiyar iyali. Na sake sauraron saƙon nan ya fi sau ashirin.

Laftof ce ThinkPad, ƙanena ya sa mata fasuwod na bayos, wato wanda kwamfuta ke tambaya tun kafin ta gama tashi, ya manta. Kana kunna ta sai hoton kwaɗon kulle ƙofa ya fito, shi ke nan. A Facebook na ga tallan, muka koma WhatsApp, ya turo bidiyo yana soka filas kwamfuta tana buɗewa. Na je wurin mai POS na tura 18,000. Af, kafin nan ma 25,000 ya fara cewa, wai ya rage min don ni ɗan'uwa ne. Direban da ya kawo saƙon daga Kano shi ma ya karɓi 1,500.

Na soka filas, na danna F12, maɓallin da ake dannawa don kwamfuta ta tashi daga filas, har yatsana ya gaji. Kwaɗo na nan. Da na duba a kwamfutar maƙwabcina, ba komai a ciki sai waƙoƙi uku. Na kira, a kashe. Ya yi bulokin ɗina tun daren da kuɗin suka shiga, ni ne ban lura ba.

Wani mai gyara a Ringim ne ya fayyace min, yana danne dariya. Irin wannan fasuwod ɗin yana tare hanya tun kafin kwamfuta ta leƙa filas, to ta ina filas zai yi aiki? Tsofaffin na tebur ne ake zare musu ƙaramin batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, su manta. Tawa kuwa, na cikin-cikin ƙanena ya sa, a wani ɗan cif yake a kan allon ciki, cire batiri ba ya goge shi. Da na yi wannan tambayar tun farko!

Sikirinshot na hirarmu da rasit ɗin POS duk suna nan, zan ɗora su da zarar sabis ya dawo.

Duk wanda ya ce turo kuɗi kafin ka ga aiki, ka ce ya zo ya buɗe a gabanka. Dubu goma sha takwas, ban da kuɗin mota.