Akwatin poka mai ƙwandala 300: kayan sun yi, amma ba teburin manya ne wurin yaro ba

Akwatin nan na poka, wasan karta da ake zuba kuɗi a kai, mai ruwan azurfa da ake gani a manyan kantunan Amurka da Ingila, da kuma a Amazon, kusan samfurinsa ɗaya ne ko da sunan da ke jikin kwalin ya bambanta. Idan ka buɗe za ka tarar da ƙwandalolin roba 300 da ke zama a madadin kuɗi a wasan, karta fakiti 2, ƙwayar lido 5, da wata farar alama da ake ajiyewa gaban mai rabon karta. Kasuwarsa ta buɗe sosai bayan 2003, shekarar da Chris Moneymaker, wani akanta daga jihar Tennessee, ya ci dala miliyan 2.5 a gasar World Series of Poker a Las Vegas. Tun daga nan wasan ya shiga falon gidaje, kuma duk gidan da ya shiga sai an wayi gari yaro ya ja kujera yana cewa a raba da shi.

Bari mu fara da kayan. Ana tallata ƙwandalolin da cewa kowace gram 11.5 ce, wai nauyin na gidan caca. Ba haka ba ne. Na manyan gidajen caca sukan tsaya wajen gram 10 ko ƙasa da haka. Nauyin waɗannan daga wani faifan ƙarfe yake da aka binne a cikin robar, shi ya sa idan ka saki ɗaya a kan tebur za ka ji ƙarar ƙarfe. Faɗinsu wajen milimita 39 ne. Ba sa fashewa da sauƙi, amma suna da santsi: ka jera ashirin, wani ya bugi ƙafar tebur, sai su watse. Babu lamba a jikinsu, launi ne kawai, don haka masu wasa ne za su yanke darajar kowane launi.

Akwatin kansa shi ne mafi rauni. Alminiyom ɗin fata ce kawai a kan siririn katako. Ƙwandala 300 sun kai kilo 3.45, mai 500 kuwa kilo 5.75, kuma duk wannan nauyin a kan mariƙi ɗaya da sakata biyu yake. A nan ake samun matsala: ƙusoshin mariƙi su saki, ko sakata ta buɗe ana tsakiyar tafiya. A tallafe shi ta ƙasa, kada a bar yaro ya ɗauka ta mariƙi. Kartar da ke ciki ta takarda ce, bayan zama uku ko huɗu gefenta ya fara lanƙwashewa, kuma kartar da ta lanƙwashe ta tona asirin kanta. A sayi ta roba zalla, irin ta Copag ko KEM, wadda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Idan da yara za a yi, a nemi siririya mai faɗin milimita 57 maimakon mai 63.5, ta fi zama a ƙaramin hannu. Ƙwayoyin lido kuwa a kwashe su tun ranar farko. Poka ba ta buƙatarsu, kuma ma'aunin da Amurka ke gwada abin da zai iya shaƙe yaro ɗan ƙasa da shekara 3 bututu ne mai faɗin milimita 31.7. Ƙwandalar ba ta shiga cikinsa, ƙwayar lido kuwa zuruf take faɗawa.

To, sai maganar zaman yaro a teburin. Doka ba za ta yanke maka hukunci ba. A Nevada sai mai shekara 21 ke shiga wasan gidan caca, a Birtaniya 18, amma wannan na gidajen caca ne. Dokar caca ta Birtaniya ta 2005 ta ware wasan cikin gida daban, a Amurka kuwa kowace jiha da tata. Ga Musulmi zancen kuɗi a gajarce yake, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta caca ga babba da yaro baki ɗaya, kuma akwai malamai da dama da ba sa son karta ko da babu kuɗi. Wanda ke bin wannan fahimta, akwatin ba nasa ba ne.

Ko a ajiye addini gefe, teburin da manya ke zuba kuɗi ba ya ɗaukar yaro, kuma dalilin a cikin tsarin wasan yake. Abin da ɗaya ya ci, aljihun wani ya fito. Idan ɗan shekara 14 ya zauna, kowane babba yana da zaɓi biyu: ko ya cinye kuɗin yaron, ko ya sassauta masa. Idan ya sassauta, ya cuci sauran, domin ƙwandalar da ya bar wa yaron da ita za a yaƙe su. Idan uban yaron na teburin abin ya fi muni. Uba ba zai yi wa ɗansa burga, wato nuna kamar kartarsa ta fi ƙarfi don ya tsorata shi, da zuciya ɗaya ba, kuɗin yaron ma daga aljihunsa ya fito, ke nan mutum ɗaya ne da kujera biyu. Masu wasa na kiran wannan haɗin baki, ko da ba da niyya aka yi ba.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne yaron ya ci. A dare ɗaya sa'a ta fi gwaninta ƙarfi. Karta biyu ake raba wa kowa da farko, su ne hannunsa. Mai riƙe da As biyu, hannun da ya fi kowane a farkon rabo, yakan faɗi kusan sau ɗaya cikin biyar idan ya kara da mai ƙananan tagwaye, wato karta biyu masu lamba ɗaya da ba su kai As ba. Yaron da ya tashi da kuɗin kawunsa a daren farko ba lissafi zai koya ba, zai koyi cewa kuɗi na zuwa a zaune. Ƙwandalar da ba ta da lamba tana ƙara rufe ido: tura shuɗaye biyar tsakiya ba ya zafi kamar zaro takardar kuɗi. Ga kuma dare, ga giyar da ba a raba irin wannan zama da ita a can, ga bakin manya da ba ya da linzami idan an sha kaye.

Inda akwatin ke biyan kuɗinsa shi ne teburin da babu ko sisi, da rana, maki kawai ake ƙirgawa. Yawancin masu 300 na zuwa da farare 100 da sauran launuka huɗu hamsin-hamsin, amma a ƙirga kafin a fara don rabon yakan bambanta. Ga mutum shida: kowa ya karɓi farare 15 a kan maki 5, jajaye 5 a kan 25, shuɗaye 8 a kan 100. Maki 1,000 ke nan cif. Zubin dole, wato abin da mutum biyu ke zubawa kafin kowane rabo, ya fara daga 5 da 10, a ɗaga shi duk minti 10: 10 da 20, 15 da 30, 25 da 50, 50 da 100, haka har sama. Cikin kamar awa ɗaya da rabi an tashi. Wanda ƙwandalarsa ta ƙare ya fita, ba rance, ba sake saye. Kada a sa alawa, ko kuɗin tara, ko "wanda ya faɗi shi zai yi wanke-wanke". Da zarar an ɗora wani abu a kai, an koma gidan jiya.

A irin wannan tebur lissafin ne abin morewa. Hanyoyin da karta biyu za su faɗo wa mutum daga 52 sun kai 1,326, As biyu kuwa sau ɗaya cikin 221 suke zuwa. Yaro na riƙe da karta biyu masu alamar zuciya, an buɗe uku a tsakiya, biyu daga ciki zuciya ne. Zuciya ɗaya yake jira ya cika biyar masu alama ɗaya, kuma za a ƙara buɗe karta biyu. Tambaye shi zuciya nawa suka saura. Sha uku ne duka, ya ga huɗu, saura 9 cikin 47 da bai gani ba: kusan kashi 19 cikin 100 a karta ta gaba, kusan 35 idan ya jira biyun. Ɗan sakandare zai kama wannan a zama ɗaya. Wanda bai kai shekara 10 ba yawanci sanin hannun da ya fi wani ma wahala yake ba shi, kuma fita daga wasa da wuri kuka ne. Shi a ba shi Whot.

Mai 300 ya ishi mutum shida. Idan za a kai takwas ko tara sai mai 500. Gidan da manya ke wasan kuɗi da akwatin kuma, a sayi wani mai launi daban don yara, a kulle na manya a inda hannu ba ya kai.