Gora ko Bindiga: Wanne Ya Dace a Ajiye a Gida?

Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Madarounfa da Guidan Roumdji, magidanta da yawa a birnin Maradi suka fara tunanin makamin da za su ajiye saboda ɓarawon dare.

Bindiga ita ce ta fi cika ido, amma nauyinta ya fi amfaninta ga talaka. A Nijar, mallakarta ba tare da izinin hukuma ba laifi ne, kuma wanda aka kama da ita zai kwana a kwamisariya kafin a saurari uzurinsa. Sannan gidajenmu cike suke da jama'a: lokacin bazara yara da mata suna kwana a tsakar gida a kan tabarmi, kuma harsashin da aka harba cikin duhu ba ya bambanta ɓarawo da ɗan da ya fito kama ruwa. Ta gargajiya, wadda ake ɗurawa da albarushi, tana iya fashewa a hannun mai ita.

Gora ba ta neman takarda, tana jingine a bayan ƙyauren ɗaki, kuma idan aka yi kuskure da ita akwai damar gyara. Rauninta a fili yake, domin sai ka kusanci mutum kafin ta yi aiki, kuma ba ta tsayar da mai bindiga.

A ganina, wanda ya haura katanga don tunkiya ko babur, gora da tocila mai ƙarfi da kururuwar da za ta tada maƙwabta sun ishe shi, kafin a kira 'yan sanda ta lamba 17.