Jerin 'yan wasan da na saya don FPL Draft

Mu takwas ne a gasarmu ta FPL Draft, wasan intanet da kowa ke zaɓar 'yan ƙwallon Firimiya bi da bi yana samun maki gwargwadon abin da suka yi a fili. Duk 'yan majalisa ɗaya ne mu, kuma kaka biyu a jere ni ke riƙe da wutsiya. Shi ya sa kafin a fara kakar 2025/26 na daure na biya wani mutum mai sayar da jerin 'yan wasan da ya kamata a ɗauka a WhatsApp. 

Ba zan ci amanarsa ba, da farko ya burge ni. Ya tuna min cewa a Draft babu kyaftin, babu kasafin kuɗi, kuma ɗan wasan da wani ya ɗauka ya fita daga kasuwa ke nan. Kowa zai ɗauki 'yan gaba 3, mu takwas 24 ke nan, alhali masu tabbacin fara wasa duk mako a Firimiya da ƙyar su kai haka. Ya ce in kwashe 'yan gaba da wuri, masu tsaron baya kuwa ko a zagayen ƙarshe ana samu. Magana ta shiga kunne.

Daren zaɓe na faɗo na shida. Salah, da ya tara maki 344 a kakar 2024/25, tun hannun farko aka ɗauke shi, Haaland ya bi baya. Na duba jeri, Isak, ɗan gaban Newcastle a lokacin, shi ne a sama, na danna. Lokacin kowa ya san bai koma atisaye da Newcastle ba, amma na ce wanda na biya ya fi ni sani. Wasa uku na farko bai taka fili ba, sai 1 ga Satumba ya koma Liverpool.

Wannan ma da sauƙi, ana iya cewa ƙaddara. Abin da ya ƙona min rai shi ne sabuwar dokar maki. Daga kakar 2025/26, mai tsaron baya da ya haɗa 10 tsakanin share ƙwallo, tare shot, katse fasin da ƙwace ƙwallo yana samun ƙarin maki 2, ɗan tsakiya kuma sai ya kai 12, har da ƙwallon da ya dawo wa ƙungiyarsa da ita. Ko kalma ɗaya babu a jerin game da wannan. Wani abokinmu tela, da muka yi ta yi wa dariya don ya ɗauko masu tsaron baya, Tarkowski na Everton da Senesi na Bournemouth, tun muna rububin 'yan gaba, shi ya riƙa tsinto maki 4 a wasan da ƙungiyar ba ta ma hana a ci ta ba. Ɗan gabana in bai ci ba, maki 2 ne, a tashi. Duk Litinin sai ya ajiye almakashi ya miƙo min wayarsa: "Malam, duba tebur, ko jerin naka bai zo da tabarau ba?"

Na tura wa mai jerin saƙo, na ce, "Oga, ina lissafin sabuwar dokar?" Sai bayan kwana biyu ya amsa: "Haƙuri Alhaji, ƙwallo ce." Ƙwallo ce, amma da zan biya ai ba haƙuri ya karɓa ba.

Shawararsa kan ƙarancin 'yan gaba har yau ina ganin daidai ce, ɗaya ko biyu da wuri ya isa. Sauran jerin kuwa da ma'aunin bara aka auna shi. Yanzu duk mako ina layin musayar 'yan wasa, ina neman ko da ragowar mai share ƙwallo ɗaya da telan ya manta.