Bashin Karatun Likitancin Haƙori a Amurka: Sharaɗin SAP a Kan Ma'auni

Bashin Direct Unsubsidized na gwamnatin tarayyar Amurka, wanda ake nema ta fom ɗin FAFSA, yana da abin yabo: ba a neman wanda zai tsaya maka, ba a kuma bin tarihin basussukanka. 'Yan ƙasa da masu katin zaman dindindin suna samu, amma mai bizar karatu ta F-1 ba ya ciki. Inda gizo ke saƙar shi ne sharaɗin da ake kira SAP, wato dole a ga karatunka yana tafiya kafin a sake sakin kuɗi.

Abu uku ake aunawa. Akwai maki, inda makarantu da yawa ke neman 2.0 cikin 4.0. Akwai wa'adi, sau da yawa shekara 6 ga digirin likitancin haƙori (DDS ko DMD) mai shekara 4. Sai kuma saurin tafiya: a raba darussan da ka ci da waɗanda ka ɗauka. A nan mutane suka fi zamewa, domin darasin da ka janye daga gare shi, da wanda ka maimaita, da wanda aka rubuta maka "bai kammala ba", duk ana ƙirga su cikin waɗanda ka ɗauka. Idan makaranta ta tsayar da kashi 67, wanda ya ɗauki darussa masu nauyin awa 24 ya ci na awa 15 yana kan kashi 62.5, ya faɗi ke nan, ko da makinsa ya yi kyau.

Wannan lissafin bai cika yi wa ɗalibin haƙori adalci ba. A shekara ta uku da ta huɗu aikin a bakin majinyaci yake. An auna wa majinyaci haƙoran roba, an haɗa su, ranar sakawa bai zo ba, zango ya ƙare. Ɗalibi bai yi laifin komai ba, amma sakamakonsa ya rataya. Ga shi kuma 'yan aji ɗaya tare suke tafiya, darasi ɗaya kan jawo maimaita shekara sukutum.

Tambayar farko da za ka yi wa ofishin tallafin kuɗi na makaranta ita ce yaushe suke awo. Makarantar da ke yi kowane zango tana iya ba ka gargaɗi, kuɗi su ci gaba na zango ɗaya. Wadda ke yi sau ɗaya a shekara ba ta da wannan damar, kai tsaye sai dakatar da kuɗin. Kada kuma ka sake jiki don kwamitin karatu ya amince ka maimaita aji. Hukuncin ofishin kuɗi daban ne.

Ƙofar ɗaukaka ƙara, inda makaranta ta buɗe ta, tana aiki ga mai hujja: rashin lafiya, rauni, rasuwar ɗan uwa ko wani uzuri na musamman. Takardar ta faɗi abin da ya faru da abin da ya canja, a haɗa da shaidar likita. Magiya kawai ba ta wadatarwa. In an karɓa, sai a sa ka a gwaji na zango ɗaya ko a tsara maka jadawalin da za ka bi.

Ruwan bashin ba ya tsayawa lokacin dakatarwa, kuma wanda ya bar makaranta wata 6 ke gare shi kafin biya ya fara.