Saitin Windows ko na BIOS: wanne ke tayar da kwamfuta idan ta faɗi?

Alhaji, ka ce kwamfutar shagon kargonka a Jidda tana mutuwa cikin dare, ba ta tashi sai yaronka ya zo da safe ya danna ta, alhali kai daga gida kake duba lissafi ta AnyDesk, manhajar shiga kwamfuta daga nesa. Wasu a zauren nan sun ce ka gyara saitin Windows, wasu sun ce BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta kafin Windows. Kowa ya faɗi gaskiya, sai dai ba ciwo ɗaya suke magani ba.

Saitin Windows na ranar da allo ya yi shuɗi ne, wato Windows ta ci karo da matsalar da ba za ta iya wucewa ba, ta tsaya cak, wuta kuwa tana nan. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta sysdm.cpl. Ko da Windows ɗinka ta Larabci ce, haka za ka rubuta. Shiga Advanced, sai Settings da ke ƙarƙashin Startup and Recovery, ka tabbatar akwai alama a kan Automatically restart. Yawanci a kunne yake zuwa, amma masu gyara sukan cire shi don su karanta saƙon allon, sai su manta ba su mayar ba.

Na BIOS kuwa babu ruwansa da shuɗin allo. Shi na ɗaukewar wuta ne: idan ta dawo, kwamfuta ta tashi ko ta jira a danna ta? Dell na kiransa AC Recovery, da F2 ake shiga BIOS ɗin lokacin da kwamfuta ke tashi. HP na kiransa After Power Loss, da F10. Ka zaɓi Power On. Wannan ya fi amfani ga 'yan uwanmu na Kasala da Gadarif a Sudan, inda wuta ke yawan yankewa, kuma su ina roƙonsu kada su kunna shi sai da UPS (batirin da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke) ko sitabilaiza, don wutar da ta dawo da ƙarfi tana ƙona kaya.

Yadda za ka gane naka: tambayi yaron abin da yake tararwa. Idan fanka na juyawa, allo na nuna rubutu, Windows ce. Idan komai a kashe yake, ko dai wuta ce ko zafi. Ni zafin na fi zargi, don shagon da aka kashe wa AC aka rufe a bazarar Jidda ba wurin kwanan kwamfuta ba ne. Idan zafi ya kashe ta, babu ɗaya cikin saitin biyu da zai tayar da ita. Sai an kakkaɓe ƙura an ba ta iska.

Abin da ya fi damuna da saitin Windows shi ne yana ɓoye ciwo. Kwamfuta za ta faɗi ta tashi kai ba ka sani ba, har ranar da hard disk ɗin, wato ma'ajiyar bayananta, ya mutu da lissafin mutane a ciki. Saboda haka a shafin Startup and Recovery ɗin dai, ka zaɓi Small memory dump. Duk faɗuwa za ta bar ƙaramin fayil a C:\Windows\Minidump, mai gyara ya karanta ya san ko direba ce (manhajar da ke sarrafa wani sashe na kwamfuta) ko RAM (ƙwaƙwalwar aikinta). Ka riƙa leƙa wurin duk mako.

Sannan AnyDesk ɗin, sai an girka shi sosai an kunna masa Unattended Access, in ba haka ba kwamfutar za ta tashi ta tsaya a wurin kalmar sirri, kai kuma ba za ka iya shiga daga gida ba.